Keken Tura Jariri Mai Ƙafa Uku: Ki Duba Kafin Ki Saya

 

A da, idan ana lissafin kayan jariri, ba ya wuce baho da kwando da shawul da zannuwan goyo da majanyi. Yanzu kuwa wani baƙo ya shigo cikin lissafin, wato keken tura jariri. Wani lokaci kawu ko gwaggo ce ta aiko da shi daga Saudiyya, wani lokaci maigida ne ya gan shi a kasuwar Sabon Gari ya burge shi, wani lokaci kuma ƙawaye ne suka haɗa kuɗi suka kawo ranar suna. Matan da ke zuwa awo da rigakafi, musamman daga wajen Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, suna yawan tambayar mu: "Sista, mai ƙafa uku ya fi, ko mai ƙafa huɗu?" Ga su da dalilinsu na tambaya, domin masu kanti suna gaya musu cewa mai ƙafa uku shi ne na hanyar karkara.

Maganar masu kanti da gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Kafin ki ba da kuɗinki, akwai abubuwa uku da za ki auna: watannin jaririnki, irin hanyar da za ki bi da shi, da kuma zafin garinmu. A kan waɗannan ukun za mu yi bayani, da yardar Allah.

Daga ina wannan keken ya fito?

Keken jarirai ya daɗe a ƙasashen Turawa. A shekarar 1733 wani maginin Ingila mai suna William Kent ya ƙera wa 'ya'yan wani basarake ƙaramar karusa. A 1965 kuma wani injiniyan jiragen sama, Owen Maclaren, ya fito da keke marar nauyi wanda ake naɗe shi kamar lema. Shi kuwa mai ƙafa uku yaro ne a cikinsu. A shekarar 1984 wani ɗan jarida a Amurka mai suna Phil Baechler, wanda ke son gudun motsa jiki, ya haɗa keke mai manyan tayoyi irin na keken hawa, biyu a baya ɗaya a gaba, don ya riƙa gudu yana tura ɗansa.

Wannan tarihi yana da amfani a gare ki, domin ya nuna miki abin da aka yi keken dominsa. An yi shi ne don sauri da kuma hanya marar kwalta, kuma don yaron da wuyansa ya riga ya yi ƙwari. Shi ya sa za ki ga tayoyinsa na baya manya ne, sau da yawa inci 16, ta gaba kuma inci 12, kuma ana busa musu iska. Daga baya kamfanoni suka riƙa yin wasu masu ƙafa uku amma da ƙananan tayoyin roba, don yawo a cikin gari. Waɗannan kamanni kawai suka ɗauko, ba su da ƙarfin na asali. Saboda haka ƙidaya ƙafafu bai isa ba, sai kin duba girman taya da ingancinta.

Hanyarki ita ce alƙali

Duk wadda ta san yankin noman rani na Kadawa ta san irin hanyoyinsa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwa ke biyo manyan magudanai, waɗanda mutane ke kira kanal, yana shayar da gonakin shinkafa da tumatur da alkama da albasa a Kura da Bunkure da Garun Malam. A ƙasar Dawakin Kudu ma, ga masu noman fadama a gefen kogin Challawa wajen Tamburawa. Da zarar kin sauka daga titin Zariya, a Kwanar Dawaki ko a Kura, kin shiga cikin ƙauyuka, to yawanci sai burji da yashi da rani, sai taɓo da damina.

A irin wannan hanya ƙananan tayoyin roba nutsewa suke yi a yashi, su cije a taɓo, jariri kuma ya yi ta jijjiga. Manyan tayoyi masu iska sun fi tafiya sumul, kuma sun fi shanye gargada. A nan mai ƙafa uku ya ci tuta.

Amma yana da nasa raunin, kuma ya kamata ki san shi. Na farko, tayar iska tana yin faci. Tsidau da ƙaya sun cika hanyoyin gona, don haka sai kin tanadi famfo kuma kin san mai faci a kusa. Na biyu, yana da nauyi, da yawansu sun haura kilo 10 tun kafin a sa yaro. Na uku, bayansa yana da faɗi. Ki auna ƙofar zaurenku da ta ɗakinki, ki duba tsayin dokin ƙofa, ki tuna da kwata da lungunan unguwarku. Na huɗu, tun da taya ɗaya ce a gaba, idan aka sha kwana da sauri, ko aka bi ta gefen gangara, ko aka hau da tayar gaba kan wani tudu a karkace, yana iya kifewa gefe.

Idan kuwa a cikin gari kike, yawonki bai wuce tsakar gida mai siminti da titi mai kwalta ba, to mai ƙafa huɗu ya ishe ki, ya fi sauƙin ɗauka kuma yawanci ya fi araha.

Watannin jariri: maganar numfashi

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk bayanin nan, don haka ki karanta shi da natsuwa.

Kan jariri sabon haihuwa yana da girma da nauyi idan aka gwada da jikinsa, wuyansa kuma ba shi da ƙarfi. Yawancin jarirai sai sun kai wata huɗu zuwa shida suke riƙe kansu sosai, kuma sai wajen wata shida suke fara zama. Idan aka kishingiɗar da jariri ɗan wata ɗaya ko biyu a kujerar da ba ta kwanta sosai ba, kansa yana rinjayowa gaba, haɓarsa ta taɓa ƙirjinsa. Hanyar iskarsa siririya ce ƙwarai, kuma idan wuya ya lanƙwashe haka tana matsewa kamar yadda tiyo ke toshewa idan an lanƙwasa shi. Babban haɗarin shi ne jaririn ba lallai ya yi kuka ba. Uwa tana tsammanin barci yake yi, alhali iska ce ba ta isarsa.

Saboda haka, daga haihuwa har zuwa wata shida, kada ki sa jariri a keke sai wanda kujerarsa ke kwantawa flat kamar gado, ko kuma wanda ke da ɗan gadon jariri da ake ɗorawa a kai. Ki kwantar da shi rigingine, ba rubda ciki ba, ba kuma a gefe ba. Kada ki sa masa filo, kada ki cusa tsummoki ko bargo a gefen fuskarsa. Da yawa daga kekuna masu ƙafa uku kujerarsu ba ta kwantawa gaba ɗaya, don haka ba na jarirai sababbin haihuwa ba ne, komai kyansu.

Haka kuma, ko da kujerar tana kwantawa, kada a bi hanya mai gargada da sauri da jaririn da bai riƙe wuyansa ba. Su kansu masu ƙera kekunan gudu suna cewa a jira sai yaro ya kai wata shida zuwa takwas kafin a yi gudu da shi. Keke kuma ba gadon kwana ba ne. Idan kun dawo gida yana barci, ki ɗauke shi ki mai da shi shimfiɗarsa cikin gidan sauro.

Kada ki raina goyo

Wasu matasan iyaye suna ganin goyo aikin ƙauyanci ne, keke kuma shi ne wayewa. 'Yar uwa, likitocin duniya ba haka suke gani ba. Jaririn da ke jikin uwarsa yana samun ɗumi, yana jin motsinta, kukansa yana raguwa, ita kuma tana jin numfashinsa da zafin jikinsa, tana gane yunwarsa da wuri. Yadda ƙafafunsa ke buɗewa su rungumi ƙugun uwa kuma zama ne mai kyau ga gaɓar ƙugunsa.

A shekarar 1978, a wani asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, inda kwalaben ɗumama bakwaini suka yi ƙaranci, wani likita mai suna Edgar Rey ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a ɗaure su da zani. Wannan ita ce dabarar da ake kira kulawar kangaru, sunan wata dabbar Ostireliya mai renon ɗanta a cikin jakar cikinta. A shekarar 2021 aka fitar da sakamakon wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitoci biyar, a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da kuma Ile-Ife a nan Nijeriya. An gano cewa jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da aka fara yi wa wannan goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Don haka idan jaririnki bakwaini ne ko ƙarami ne ƙwarai, ƙirjinki ne wurinsa. Ki ajiye keken sai ya girma.

Shi ma goyon baya yana da ƙa'idojinsa. Ki tabbata hancinsa da bakinsa a buɗe suke, kansa yana juye gefe, zani ya tallafi wuyansa. Idan kin rufe shi da hijabi a lokacin zafi, ki riƙa ɗagawa kina duba shi akai-akai. Kada ki tsaya da goyo a kan murhu ko tukunyar turara shinkafa, saboda hayaƙi da ruwan zafi. Idan kuma za ki hau babur, ki tattare zani da hijabi kada taya ta kama.

To wa keken zai amfana?

Akwai waɗanda keke zai zame musu rahama. Mai tagwaye, wadda ba ta da mai taimaka mata. Mai juna biyu da ke da ƙaramin yaro wanda bai iya doguwar tafiya ba. Mai fama da ciwon baya ko na ƙugu. Kaka da aka bar wa reno, ƙarfinta ya ragu. Uwar yaron da ke da lalurar da ta hana shi tafiya, ya yi nauyi a goyo, ga shi ana zuwa da shi gashin ƙashi asibiti. Haka ma malamar makaranta ko ma'aikaciya da ke tafiya da yaronta wurin aiki a ƙafa.

Wadda aka yi wa tiyata aka ciro jariri, ita ma tura keke a wuri mai laushi ya fi mata sauƙi. Amma ki lura, a makonni shida na farko muna hana ki ɗaukar abin da ya fi jaririnki nauyi, keken nan kuwa ya ninka nauyin jaririn sau uku. Ki bar wa wani ya ɗaga shi ya tsallake dokin ƙofa ko kwata.

Abubuwan da za ki duba a kanti

Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama. Ki sa a buɗe keken a gabanki, ki gwada shi da hannunki.

1. Kujera. Ki kwantar da ita ki gani ko tana miƙewa sosai. Idan ba ta yi, to sai yaro ya wuce wata shida.

2. Maɗauri. Ki nemi mai igiya biyar: biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, ɗaya ta tsakanin cinyoyi, duk su haɗu a makulli ɗaya. Ta tsakanin cinyoyin ita ce ke hana yaro zamewa ta ƙasa ya maƙale a wuya. Ki ja da ƙarfi ki ga ɗinkin bai saki ba.

3. Birki. Ki taka shi, sa'an nan ki tura keken. Dole tayoyin baya duka biyu su tsaya cak. Idan akwai birkin hannu ƙari a kan na ƙafa, ya fi kyau ga mai bin gangara.

4. Tayar gaba. Mafi amfani ita ce wadda ke juyawa kuma ake iya kulle ta. A cikin gida da kasuwa ki bar ta tana juyawa, a yashi da burji ki kulle ta ta miƙe. Ki ɗaga gaban keken ki girgiza tayar ki tabbata ba ta kwance ba.

5. Igiyar hannu. Kekuna masu manyan tayoyi suna gangarawa da kansu da ɗan turi kaɗan. Igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu ita ce ke hana shi kuɓuce miki.

6. Daidaito. Ki danna mariƙin ƙasa kaɗan. Idan gaban ya ɗaga nan da nan, to zai kife baya cikin sauƙi.

7. Naɗewa. Ki naɗe shi, ki buɗe shi da kanki sau biyu ko uku. Ki saurari ƙarar makullin da ke nuna ya buɗe sosai, domin keken da bai kulle ba yana iya rufewa da yaro a ciki.

8. Rumfa da iska. Ki zaɓi mai faffaɗar rumfa, mai raga a gefe ko a baya inda iska ke shiga. Yadi mai haske ya fi baƙi, wanda ake cirewa a wanke kuma ya fi.

9. Nauyin da yake ɗauka. A jikin keken ko a takardarsa ana rubuta iyakar nauyin yaro, yawanci kilo 15 ko 22. Idan kin ga an rubuta EN 1888 ko ASTM F833, waɗannan su ne ƙa'idojin ingancin kekunan jarirai na Turai da na Amurka. Amma rubutu kaɗai bai isa shaida ba, gwajin hannunki shi ne gaba.

Idan na gwanjo ne fa?

Babu aibi a sayen gwanjo, sau da yawa ma ya fi wani sabon ƙarko. Sai dai yana bukatar ido biyu. A shekarar 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranye a kan kekuna wajen miliyan ɗaya a Amurka, bayan da mahaɗin naɗewa ya datse kan yatsun yara 12. A 2018 kuma hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta shigar da ƙara a kan kamfanin Britax saboda kekunansa masu ƙafa uku samfurin BOB, waɗanda aka yi ta kai kukan cewa tayar gabansu tana ficewa ana cikin tafiya. Darasin da ke nan guda biyu ne: ki nisantar da yatsun yara duk lokacin da kike buɗe keke ko naɗe shi, kuma ki duba ɗaurin tayar gaba kafin kowace fita.

A keken gwanjo ki duba tsatsa, da tsagewar roba, da wurin da aka yi walda ko aka ɗaure da waya. Idan maɗaurinsa ya ɓace ko birkinsa ya mutu, ki bar shi ko da kyauta ne. Wanda kika saya kuma ki wanke shi da sabulu, ki shanya a rana ya bushe sarai kafin jariri ya shiga.

Zafi da ƙura da sauro

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Kano yana kaiwa digiri 40, wani lokaci ya wuce. Jikin jariri ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma bai iya fitar da shi da gumi kamar babba ba. Ga shi a keke yana kusa da ƙasa, inda turirin zafi ke tasowa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a lulluɓe keken da mayafi ko zani ko tawul, wai don kare jariri daga rana. Wannan yana tsare iska, cikin keken ya zama kamar tanda. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada wannan a shekarar 2023, suka ga busasshen yadi yana ƙara zafin cikin keke da kusan digiri 4, amma siririn yadi da aka jiƙa aka matse, tare da ƙaramar fanka mai batir, yana rage shi da kusan digiri 5. Ban da zafi, lulluɓin yana hana ki ganin fuskar jaririn.

Don haka ki fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ki bi inuwa, ki sa masa riga ɗaya marar nauyi ta auduga. Ki taɓa ƙarfen makulli da kujera kafin ki sa shi, domin idan sun sha rana suna ƙuna. Jaririn da bai kai wata shida ba, kada ki ba shi ruwa saboda zafi. Ki ƙara yawan ba shi nono, ruwan da ke cikinsa ya ishe shi, ke kuma ki sha ruwa da yawa. Idan kin ga jikinsa ya yi zafi rau, ya yi laushi, ya ƙi kama nono, fitsarinsa ya ragu, ko maɗigarsa ta faɗa, ki kai shi inuwa, ki cire masa kaya, ki shafe shi da ruwa mai ɗan sanyi, sa'an nan ku nufi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Da hunturu kuma ƙura ce matsalar. Ki sa masa hula da safa da rigar sanyi, amma kada ki rufe fuskarsa da bargo. Ki guji bin gefen hanyar da manyan motoci ke tayar da ƙura da hayaƙi, musamman lokacin kakar tumatur da motoci ke ta zirga-zirga zuwa Kwanar Gafan.

Sauro kuwa, a yankin noman rani ba ya jiran damina, tun da ruwa yana kwance a gonakin shinkafa har da rani. Ki nemi ragar sauro da aka ɗinka daidai da keken, wadda ke rufe shi duka ba tare da ta taɓa fuskar yaro ba. Raga tana barin iska ta shiga, ba kamar zani ba. Idan magariba ta yi, wurin yaro ɗaki ne, cikin gidan sauro mai magani. Idan kuma ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, ki karɓa ki ba shi yadda aka ce.

A bakin kanal da gona

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda suka fi kowa mutuwa ta hanyar nutsewa a ruwa. Hanyoyin gefen kanal suna kan tudu ne, gefensu gangara ce zuwa ruwa, ruwan kuma yana gudu. Keken da aka saki ba birki yana iya gangarawa kafin ki juyo, yaron da ke ɗaure a ciki kuwa ba shi da yadda zai yi.

Saboda haka duk lokacin da kika tsaya, ko da don amsa gaisuwa ne ko ɗaga waya, ki taka birki. Ki ajiye keken nesa da ruwa, ki juya shi yadda ko ya motsa ba ruwan zai nufa ba. Igiyar hannu ta kasance a hannunki muddin kina tafiya. Kada ki ba 'yar reno ko yayyensa ƙanana su tura shi a bakin kanal, ko kan gada, ko gefen titi. Su wasa suke gani, za su yi tsere da shi, wani ma ya ɗare baya ya kifar da shi.

Idan ana feshin maganin ƙwari a gonar tumatur ko shinkafa, kada a kawo yaro kusa, ko a keke ko a goye. Kada kuma a ɗora jarkar magani ko buhun taki a kwandon keken. Kaya masu nauyi ma, a kwandon ƙasa ake sa su, ba a rataye su a mariƙi.

Shiga adaidaita sahu ko mota

Da yawanku da adaidaita sahu ko motar haya kuke zuwa asibiti. Kafin ki saya, ki tambayi kanki ko keken zai shiga idan an naɗe shi, kuma wa zai riƙe miki jariri lokacin da kike naɗewa. Kada a taɓa ɗaga keke a sa a mota ko adaidaita da yaro a cikinsa. Haka nan a matakalar bene, ki fara ciro yaron tukuna.

Kada a haɗa shi da keken koyon tafiya

Akwai wani keken da ake rikita shi da wannan, wato na koyon tafiya wanda ake zura yaro a tsakiyarsa yana yawo da ƙafafunsa. Wannan ba ya sa yaro saurin tafiya, kuma yana kai shi ga murhu da ruwan zafi da rijiya da gangara cikin ƙiftawar ido. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun shekarar 2004. Shi kuwa ɗan keken katako mai ƙafa uku da kafintoci ke yi, wanda yaro ke dafawa yana turawa, sai yaron ya fara miƙewa tsaye da kansa, kuma babba yana kusa. Yaro yana koyon zama da rarrafe da tafiya ne a kan tabarma, don haka kada ya wuni a ɗaure cikin kowane irin keke.

Idan tsautsayi ya faru

Wani bincike a Amurka da aka fitar a 2016 ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2010 an kai yara wajen 361,000 sashen gaggawa saboda raunin da suka ji a kekunan turawa da kwandunan ɗaukar jarirai, wato kamar yara biyu a kowace awa. Yawancinsu faɗowa suka yi ko keken ya kife, kuma a kai da fuska aka fi jin raunin. Ɗaura maɗauri a kowace fita, komai kusancin wurin, shi ne maganin mafi yawan wannan.

Idan yaro ya faɗo ya bugu a kai, ki garzaya da shi asibiti idan ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tashi, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya daina motsa hannu ko ƙafa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa, a kawo shi a duba ko da ba a ga komai ba. Kada a tsaya ɗori a gida, kada a ba shi maganin sa barci. Babban asibitin Dawakin Kudu ko na Kura, ko cibiyar lafiya mafi kusa da ku, nan za ku fara zuwa, idan da bukata su turo ku wurinmu.

Kalma ga maigida

Malam, mun san so ne ya sa kake son saya wa ɗanka keke, Allah ya saka da alheri. Amma ka fara tabbatar da gidan sauro, da abinci mai gina jiki ga mai jego, da kuɗin motar zuwa rigakafi a ranar haihuwa, da mako 6 da 10 da 14, da wata 9 da wata 15. Idan waɗannan sun samu kuma akwai rara, to ku je kanti tare da uwargida, tun da ita ce za ta tura shi. Kuma ba laifi ba ne kai ma ka tura.

'Yar uwa, idan an riga an kawo miki keke kuma kina shakkar ko ya dace da jaririnki, ki zo da shi ranar rigakafi ko ranar awon bayan haihuwa, mu duba kujerar da maɗaurin tare, mu nuna miki yadda ake kwantar da shi. Tambaya ba ta ɓatar da mai ita.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba masu juna biyu sauka lafiya, amin.